Akwatin ajiyar wuta mai bolt 12 don ƙararrawar gida: abin da na gani bayan wata shida

Na'urar ƙararrawar da ke tsaron ƙofofi da tagogin gidana tana aiki ne da bolt 12 ta hanyar adafta, kuma ba ta da batirin kanta, saboda haka da zarar wuta ta ɗauke sai ta mutu, a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wannan ne ya sa na sayi ɗan akwatin ajiyar wuta mai batiran litiyam a ciki, wanda ake sa shi tsakanin adafta da na'urar, yana caji idan akwai wuta, yana kuma ci gaba da ciyar da na'urar idan babu.

Haɗa shi bai ɗauke ni minti biyar ba, sai dai kafin na jona na duba abu biyu: cewa bakin wayar ya dace, domin akwai mai milimita 2.1 da mai 2.5 waɗanda ido ba ya bambanta su cikin sauƙi, da kuma cewa tsakiyar bakin ita ce mai alamar tarawa (+) kamar yadda na'urar take so. Juya wannan na iya ƙona na'ura nan take. Da na zare filogi daga bango don gwaji, ko ƙyaftawa fitilar ƙararrawar ba ta yi ba, kuma a nan akwatin ya cancanci yabo.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne lambar da aka buga a jikin kwali da manyan haruffa, wato 10,000mAh, ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa. Mai saye zai ɗauka cewa a bolt 12 aka auna ta, alhali an lissafa ta ne a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin batirin, wanda ke nufin ƙarfin da aka tara bai wuce abin da zai ba da wat 37 na awa ɗaya ba, kuma wani kaso yana salwanta a matsayin zafi wajen ɗaga wutar zuwa bolt 12. Na'urata tana cin kimanin wat 3 idan tana zaune shiru, kuma da na bar ta a kan akwatin tun daga safe, sai da ta kai kusan awa 10 kafin ta mutu. Wannan ya ishe ni, amma ya yi ƙasa ƙwarai da abin da lambar ke sa mutum tsammani. Batirin dalma mai bolt 12 da 7Ah (wato 7,000mAh a bolt 12), irin wanda manyan na'urorin ƙararrawa ke amfani da shi, yana riƙe fiye da ninki biyu na ƙarfin da akwatin ke tarawa, ko da yake ya fi nauyi kuma yakan bukaci canji bayan shekara 3 zuwa 5.

Na kuma gwada shi da jiniya tana kuka, domin a lokacin ne na'urar ke jan wuta mai yawa, kuma ya jure ba tare da ya yanke ba.

Babban aibinsa, wanda ya dame ni matuƙa, shi ne yana ɓoye wa na'urar cewa wuta ta ɗauke. Tunda bolt 12 ba ya yankewa, ƙararrawar ba ta aiko mini da saƙon gargaɗi a waya, kuma akwatin ba ya yin wata ƙara idan cajinsa ya kusa ƙarewa. Ƙananan fitilu huɗu ne kawai a gefensa, waɗanda ba mai ganinsu idan ba kowa a gida. Ga wanda na'urarsa ke da gurbin batiri a ciki, shawarata ita ce ya sa batirin da aka yi ta dominsa. Ni da tawa ba ta da shi, na ci gaba da amfani da akwatin, na ɗora shi a wuri mai iska nesa da zafi, kuma ina zare filogi sau ɗaya a wata don in ga ko har yanzu yana riƙe caji.