Sunan Yanka Ko Laƙabi: Wanne Ya Fi Ɗaukar Amsa-Amo?

Mai rubuta wa mace waƙa hanya biyu ce a gabansa: ya rufe baiti da sunanta na yanka, ko ya ɗauki laƙabin da Hausawa suka yi wa sunan, kamar Dije ga Hadiza, Indo ga A'isha, Kulu ga Hauwa.

Sunan yanka ya fi yalwar amsa-amo, wato kalmomin da ƙarshensu ya yi daidai da nasa, a mafi yawan lokuta. Amina dai gona ce mai albarka, domin duk kalmar da ta ƙare da "na" tata ce: rana, ƙauna, magana, ga kuma raina da idona. Sai ka yi baiti ashirin ba ka maimaita kalma ba. Hauwa ma haka, tana da rayuwa, baiwa, kewa. To Kulu fa? Daga tulu sai ka tsaya kana lalube. Indo kuwa kwando da wando ne maƙwabtanta, ba kayan waƙar soyayya ba.

Matsalar sunan yanka tana fitowa ne in ya ƙare da baƙi, alhali kalmomin Hausa kusan duk da wasali suke ƙarewa. Nan sai a buɗe shi: Maryam ta koma Maryama, ta samu sama da salama.

Laƙabi yana da ɗumin gida, kuma gaɓarsa biyu tana zama daidai a gajeren karin waƙa. Dije ta fi Hadiza sauƙi, tunda waje da baje sun fi kaza da gaza daɗin ji. Ni dai nakan ajiye laƙabi a tsakiyar ɗango, wato layin waƙa, in bar wa sunan yanka ƙarshensa.