Mun je siyan sarƙar lu'u-lu'u a Victoria Island

Asabar ɗin nan ni da Yaya muka fito daga Agege da sassafe don kar gosulo ya riƙe mu, autarmu za a yi wa biki kuma yarinyar nan ta kafe ba ta son gwal ranar dina, wai kowa gwal, ita lu'u-lu'u take so. Ba daiman ba fa, wannan farin mai kama da ƙwan ƙadangare da ake cirowa daga ruwa.

Shagon ɗan ƙarami ne a saman bene, matar mai haƙuri ce gaskiya, ta zaunar da mu ta fito da faranti huɗu. Farko ma ta ce Hajiya kar wanda ya yaudare ki da cewa nashi daga ƙasan teku aka tsinto, kusan duk na kasuwa yanzu kiwo ake yi, wata halitta ce mai ɓawo biyu, a buɗe ta a saka mata ɗan ƙwallo ko ɗan tsoka a mayar ruwa, ita kuma ta dinga lulluɓe shi a hankali har ya zama lu'u-lu'u. Wani mutumin Japan Mikimoto ne ya fara dacewa da dabarar a 1893.

Akoya ta fara nuna mana, na Japan. Wallahi sheƙi kam babu kamarsa, har inuwar fuskarki za ki hango a jiki, duk girmansu ɗaya mulmulallu, ba su cika wuce milimita 9 ba. Na so shi. Sai da ta ce rufin nasa ba kauri, ƙwallon ciki ne ya fi yawa, jikina ya yi sanyi, don na san halin autarmu da humra, sai ta yi wanka da ita kafin ta fita, ga turaren wuta ga zufar Legas, kuma turare da gumi su ne ke kashe wa lu'u-lu'u haske.

Na Tahiti baƙi ake cewa amma ba baƙi ƙirin ba ne, kore-kore ne da ruwan toka kamar wuyan tattabara. Yaya ta taɓe baki ta ce wa zai kai amarya da baƙar sarƙa, aka wuce wurin. Shi kuma wanda ake kiwo a Ostireliya da Indonesiya da Filifin manya ne, wasu har milimita 15, akwai fari akwai ruwan zinare, da aka faɗi kuɗin sarƙa ɗaya sai muka kalli juna muka yi dariya kawai, wannan sai matan Ikoyi.

Na ruwan daɗi muka ɗauka, na China, wanda ake kiwo a tafki. Yana da sauƙi saboda halitta ɗaya tana ba da fiye da 20 a lokaci guda, su kuwa na teku ɗaya ne ko biyu. Ba duka ne suka mulmulu daidai ba, in kin ƙura ido za ki ga wani ya ɗan yi tsawo, amma yawanci babu ƙwallo a ciki, gaba ɗayansa lu'u-lu'u ne, ya fi jure wahala. Mun zaɓi mai ɗan ruwan hoda da 'yan kunnensa. Ta bar ni na goga a haƙori, na gaske za ki ji kamar yashi-yashi, na roba santsi ne sumul, irin wanda na taɓa kwasowa a kasuwa da kuɗina wata biyu ya fara ɓarewa.

Inda ban ji daɗi ba, ba ta ragi ko sisi, mu kuwa mun saba da tayi. Sannan maƙullin sarƙar ba gwal ba ne, wanki ne, ba ta faɗa ba sai da Yaya ta tambaya, dole muka ƙara kuɗi aka canza. Zaren dai siliki ne kuma an ƙulla tsakanin kowace ƙwaya, ko ya tsinke ba za ki bi su da tsintsiya ba, ta kuma rubuta mana iri da girma a rasit.

Wurin fakin babu, da mun sani da ba mu zo da mota ba, sai da wani ɗan Arewa mai gadi a layin baya ya taimaka mana.