Sayen Na'urar GPS ta Jirgin Sama ta Hannu: Abin Dubawa Kafin a Biya

Galibin ƙananan na'urorin GPS na matuƙa jirgin sama da ake samu na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, daga kasuwar Amurka suke fitowa, kuma kusan dukansu ƙirar kamfanin Garmin ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibin tuƙin jirgi a Zariya, ko matuƙin ƙaramin jirgi a ko'ina cikin Afirka, ya yi hattara, domin abin da ya ɗaga farashin na'ura a can ba lallai ne ya amfane shi a nan ba.

Tsofaffin da suka fi yawo su ne GPSMAP 296 ta 2004, da 396 ta 2005, da 496 ta 2006. Maɓallai gare su, suna da ƙwari, kuma allonsu, duk da ƙanƙantarsa, yana karantuwa cikin rana. Babban abin da 396 ta ƙara a kan 296 shi ne karɓar rahoton yanayi ta tauraron XM, wanda bai wuce nahiyar Amurka ta Arewa ba. Saboda haka idan mai sayarwa ya ƙara kuɗi don ya haɗa da eriyar GXM 30 mai kamo XM, mai saye a nahiyarmu yana biyan abin da zai ajiye a aljihun tebur ne kawai. Haka lamarin yake tsakanin GPSMAP 695 da 696, da kuma tsakanin aera 795 da 796: ta farko a kowane biyu ba ta da XM, kuma ita ce ta fi dacewa da mu idan farashinta ya fi sauƙi.

Wanda aljihunsa zai iya, a ganina aera 660 ta 2016 ta fi cancanta, mai allon taɓawa inci 5 da ke sabunta bayanai ta Wi-Fi. Mai son allon inci 7 sai ya dubi aera 760 ta 2020, amma ya fara auna gurbin da zai ɗaura ta, don kada ta tare masa agogunan jirgi.

Abin da ya fi samfurin na'ura muhimmanci shi ne rumbun bayanan da ke cikinta. Bayanan filayen jirage, da mitocin rediyo, da iyakokin sararin samaniya ana sabunta su duk kwana 28, kuma an raba su shiyya-shiyya. Na'urar da aka saya a Amurka yawanci bayanan nahiyar Amurka take ɗauke da su, alhali Afirka tana cikin shiyyar Atlantic tare da Turai da Gabas ta Tsakiya. A nemi mai sayarwa ya turo hoton shafin da ke nuna shiyya da ranar ƙarewar bayanai, sannan a duba a flyGarmin, shafin intanet na Garmin, ko har yanzu ana sayar da sabuntawar wannan samfuri, a lissafa kuɗinta cikin farashi.

A kayan haɗi, waɗanda suka cancanci kuɗi su ne maɗaurin sitiyari, da wayar wuta da ke karɓar bolt 14 da 28 duka, da eriyar da ake liƙa wa gilashi. Jaka da littafin bayani ba abin ciniki ba ne. Su 296 zuwa 496 suna aiki da katin bayanai na Garmin na musamman, ba katin SD na kasuwa ba, don haka a tabbatar yana ciki idan an ce akwai. Batir kuwa, na na'urar da ta haura shekara 15 a ɗauka ya gaji, sai an cire wuta an ga tsawon lokacin da zai riƙe. A fita da ita fili kuma a ga yadda take kama taurarin GPS.

Akwai masu cewa iPad da manhajar ForeFlight ko SkyDemon ta wadatar, kuma taswirarta ta fi girma. Sai dai iPad mai Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS a cikinta, sannan tana kashe kanta idan ta yi zafi, abin da ba wuya ya faru a ɗakin matuƙi cikin watan Afrilu.

Ko wacce aka zaɓa, na'urar ɗauka ba ta da izinin zama madogara a tashi na IFR, wato tuƙi da dogaro ga agogunan jirgi. Taimako ce ga mai tafiya bisa ƙa'idar VFR, wato tuƙi da ganin ido, kuma ranar da hazon hunturu ya rage gani ƙasa da abin da doka ta yarda, mallakarta ba ta ba matuƙi izinin tashi.