Hattara da mai "garin haihuwa" na jatan lande

Jama'a, masu kiwon ƙananan jatan lande a akwatin gilashi, ku yi hankali. Akwai wani mutum da ke tallar wani gari a WhatsApp da Facebook, wai in ka barbaɗa shi a ruwa, jatan landenka za su yi ta zuba ƙwai ko a tsakiyar hunturu. Ni na saya. Cikin kwana uku na kwashe gawar fiye da rabinsu. Ledar babu suna, babu bayanin abin da ke ciki. Ina zargin tagulla ce a ciki, don ko ɗan kaɗan nata kashe jatan lande yake yi, shi ya sa ake gudun maganin kifi mai ɗauke da ita. Da na kira mai garin sai ya ce laifin ruwan gidanmu ne, daga nan ya toshe lambata.

Ƙaryarsa ta biyu ta fi ba ni haushi. Yana sayar da Amano, wani irin jatan lande na ƙasar Japan, a matsayin "namiji da mace masu haihuwa". Macen kan ɗauki ƙwai, gaskiya ne, amma 'ya'yan sai sun shiga ruwa mai gishiri-gishiri kafin su rayu. A ruwan daɗi mutuwa suke yi cikin 'yan kwanaki. Ko shekara goma ka yi kana jira, ba za ka ga ɗa ko guda ba.

Wanda ke hayayyafa a ruwan daɗi shi ne jan jatan landen da ake kira ceri. Shi kuwa sanyi ke rage masa haihuwa. Daren Disamba da Janairu a Jos ko Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan ya yi sanyi, su lafa. Hita mai daidaita zafi za ka sa, ta riƙe ruwan tsakanin digiri 22 zuwa 26, in an ɗauke wuta ka lulluɓe akwatin da bargo. Kada ka zuba ruwan famfo sai ka cire masa kulorin, kuma ka canza kaɗan-kaɗan. Macen za ta ɗauki ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta na kusan wata guda.

Har yanzu yana tallar, ya dai canza hoto da suna. Wannan karon ledar kore ce.