Kulob mai tsada ko bakin tekun gama-gari: amsa ga mai shirin kai iyali Legas

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kin tambaya a zauren nan cewa za ku tashi daga Kaduna zuwa biki a Legas cikin watan Disamba, ke da yara da surukarki, an kuma ba ku shawarar ku yini a ɗaya daga cikin kulob-kulob ɗin bakin teku na masu hali, shi ya sa kike son sanin ko hidimar da ake yi a irin waɗannan wurare ta kai kuɗin da suke karɓa, ko kuwa gara ku nufi bakin tekun da kowa yake zuwa. Ra'ayina shi ne tsadar tana da dalili, amma dalilin ba hidima ba ne. Abin da kuɗinki zai saya miki shi ne fili da tsaro da tsabta da wutar lantarki. Kulawar ma'aikata kuwa tana bin yawan abin da teburinku ya kashe, kuma a nan ne iyali irin naku yake cin baya.

Ya kamata a fara da sanin dalilin da ya sa yashin bakin teku ya zama kayan tsada a Legas. Bar Beach, wanda shekaru da yawa shi ne wurin shan iskar talaka da mai kuɗi a tsibirin Victoria, ya ɓace tun da aka cike wurin da ƙasa domin gina sabon birnin Eko Atlantic. A watan Afrilu na 2024 kuma aka rushe wani ɓangare na Landmark Beach da ke Oniru domin aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700. Abin da ya rage kusa da tsakiyar gari bai da yawa, masu nemansa kuwa miliyoyi ne. Akwai wuraren da ake biyan kuɗin ƙofa kawai a shiga, irin su Elegushi da ke Lekki, akwai kulob-kulob masu katanga da wurin ninƙaya da gidan abinci, sannan akwai Tarkwa Bay da Ilashe waɗanda sai da jirgin ruwa ake isa.

Mai kulob yana biyan haya a yankin da filinsa yake cikin mafi tsada a Najeriya. Yana kunna janareta da na'urorin sanyaya ɗaki da firji da famfunan wurin ninƙaya daga safe har tsakar dare, ga shi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka saki darajar naira, kuɗin sufuri da na duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya haura. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, rukunin da aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, wato ya ninka fiye da sau uku. Gishirin iskar teku ma yana cin ƙarfe da katako, don haka gyara ba ya ƙarewa. Duk wannan yana cikin farashin lemon kwalbar da za a ajiye a gabanki. Albashin yaron da ya kawo lemon shi ne ƙaramin kaso a lissafin, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Saboda haka farashi yana iya ninkawa ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba, ba tare da an horar da waɗanda ake da su ba.

Yadda ake karɓar kuɗi ya bambanta ƙwarai tsakanin wuraren biyu. A kulob, bayan kuɗin shiga, rumfa ko gadon kwanciya na bakin ruwa yana da nasa farashin, kuma da yawa suna sa sharaɗin cewa mai rumfa sai ya kashe wani adadi a abinci da abin sha, ko ya ci ko bai ci ba. Idan takardar lissafi ta zo za ki tarar da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, da harajin jihar Legas na kashi 5 a kan otal-otal da gidajen abinci wanda dokarsa take tun 2009, sannan sau da yawa da kuɗin hidima na kashi 10. Ke nan abincin da kika lissafa naira 100,000 a takardar farashi zai iya komawa 122,500 kafin ki tashi. A bakin tekun gama-gari kuɗin ƙofa bai kai haka ba ko kusa, sai dai ana tatsar mutum kaɗan-kaɗan: kuɗin ajiye mota, kuɗin kujera, kuɗin lema, kuɗin bayan gida, wani lokaci har da kuɗin shigo da abincin da kika dafa da hannunki. Kusan komai na ciniki ne, kuma da an ji harshen baƙo farashi yakan tashi. Duk da haka, idan aka haɗa jimla, gama-gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwan da kulob ya yi wa gama-gari fintinkau, kuma bai kamata a raina su ba tun da da dattijuwa da yara za ku tafi. Na farko bayan gida ne mai ruwa da ƙofa mai rufuwa, da wurin da mace za ta sauya tufafi ta yi alwala cikin sutura. Wanda bai taɓa yini a bakin teku da iyali ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali shi ne yake raba yini mai daɗi da yini na wahala. Sai tsaro. A cikin katanga ba mai talla da zai tsaya a kanku, ba zauna-gari-banza da zai zo yana neman na goro, kuma za ki iya ajiye jaka ki bi yaro ba tare da zuciyarki tana dukan uku-uku ba. Abu mafi nauyi a wurina shi ne ruwan kansa. Tekun Atilantika a gaɓar Legas yana da igiya mai ƙarfi da ke jan mutum ciki ko da yana tsaye ruwa bai wuce gwiwarsa ba, kuma ana asarar rayuka a can. Yaron da ya saba ganin kogin Kaduna a lokacin rani daga lambun Gamji bai san irin wannan ruwa ba. Kulob mai wurin ninƙaya na yara da masu ceto a tsaye ya cancanci a biya shi saboda wannan kaɗai. Amma ki duba da idonki ki ga masu ceton suna nan, domin katanga da fitilu ba su ne shaida ba.

Inda kulob yake gazawa shi ne a ainihin abin da kika tambaya. Ribar mafi yawan waɗannan wurare tana fitowa ne daga sayar da giya mai tsada, musamman daga la'asar zuwa dare. Ma'aikacin da yake da tebur shida ya san wanda zai kashe dubban ɗaruruwa a kwalabe kuma ya ba shi ihsani mai kauri, ya kuma san teburin da zai nemi shinkafa da kaza da lemo da ruwan gora. Ba sai ya raina ku ba, lissafin cikinsa ne zai kai ƙafarsa can. A ranakun Asabar da Lahadi, balle a ƙarshen Disamba lokacin da 'yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka suke dawowa su cika Legas, abinci yakan daɗe bai fito ba, a kawo abin da ba a nema ba, a ce wani abu ya ƙare bayan kin gama jira. Kiɗa yana ƙaruwa har magana ta gagara, shigar mutane kuma ba wadda za ki so surukarki ta zauna a cikinta ba ce. Wannan sharaɗi na kashe wani adadi ma an auna shi ne da farashin giya, don haka iyalin da ba ya sha sai ya sayi abincin da ya fi ƙarfin cikinsa, ko ya biya kuɗin abin da bai taɓa ba. Ni wannan ne nake gani rashin adalci, domin kuɗi ɗaya kuka biya da na teburin kusa amma kulawa ba ɗaya ba.

A gama-gari kuwa mai kujera da mai lemo da mai tsire kowa cin gashin kansa yake yi, saboda haka da kin ɗaga hannu ya iso. Mai tsiren ma sau da yawa ɗan Arewa ne, za ku gaisa da Hausa, ki tambaye shi naman, ya nuna wa mazan inda suke salla. Hidimar ba ta da ƙawa, amma tana da sauri. A kulob abincin ya fi tsabta da kyan gani, sai dai dole ki tambaya ko ana dafa naman alade a kicin ɗin da kuma ko ana zuba giya a miya ko a kayan zaƙi.

Da ni ne a matsayinki, kulob zan zaɓa, amma a ranar aiki, mu shiga da hantsi mu fita kafin la'asar ta yi sanyi, lokacin da wurin bai cika ba kuma ma'aikata suna da sukunin kula da kowa. Hakan zai kuma rage muku cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe. Idan Asabar ko Lahadi kaɗai kuke da ita, to ku tafi gama-gari da sassafe tare da ɗan gari namiji da zai yi ciniki, ku hana yara shiga ruwa, ku riƙe sauran kuɗin. Kafin ki tura ko sisi, ki sa a aiko miki da farashi a rubuce ta WhatsApp: kuɗin shiga na babba da na yaro, kuɗin rumfa, adadin da aka wajabta kashewa, ko haraji da kuɗin hidima suna ciki, da ko akwai wurin salla. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, take aiwatarwa, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi kuma ta hana shi karɓar abin da ya wuce wanda ya nuna, don haka ki ajiye saƙon a wayarki ki gwada shi da takardar lissafi kafin ki miƙa katinki.