Ƙwan Amurka ba ya kwana a waje

Baƙon da ya shiga babban kanti a Amurka neman ƙwai zai sha zagaye kafin ya same shi, domin ba a kan kanta yake ba. Yana can cikin firiji kusa da madara, kowanne fes, babu gashin kaza balle kashinta. Abin gwanin sha'awa, amma wannan tsabtar ce ta ɗaure shi a firiji har ranar da za a fasa shi.

Kaza tana saka ƙwai ne da wani siririn rufi a jikin ɓawon, shi ke toshe dubban ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Kamfanonin ƙwai na Amurka suna wanke ƙwan da ruwan ɗumi, aƙalla digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, wankin kuwa da rufin yake tafiya. Shi ya sa doka ta ce a riƙe shi a sanyin digiri 7 ko ƙasa, daga gona har kanti. A firijin gida mai digiri 4 yana yin mako 3 zuwa 5, a waje kuma kada ya wuce awa 2. Turai wata hanyar suka bi: ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada a wanke ƙwan da ake kaiwa kanti, wa'adinsa kuma kwana 28 daga ranar saka shi. A Ingila a kan kanta za ka tarar da shi, kuma tun 1998 duk mai tambarin zaki daga kajin da aka yi wa rigakafin salmonela, ƙwayar cutar da ke lalata ciki, ya fito.

Kowacce hanya da hujjarta. 'Yan uwa, abin da ke damuna shi ne mu mun ɗauki rabin wannan mun haɗa da rabin waccan. A sayo kiret, a zuba a roba a wanke da ruwan sanyi don a ce an yi tsabta, sannan a bar shi cikin zafi. An cire masa riga ke nan, ga shi ruwan sanyi yana sa cikin ƙwan ya tsuke ya zuƙo dattin ɓawon. Ko kuma a sa a firiji, wuta ta ɗauke, ƙwai ya yi zufa, wuta ta dawo. Zufar nan ita ce gadar da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga. In ba a da tabbacin sanyi, gara a bar shi ba wanki, a inuwa, tsininsa yana kallon ƙasa, a yi amfani da shi da wuri. In kuwa ya shiga firiji, ya zauna can ciki a kwalinsa, ba a jikin ƙofa ba. Duk da tsarin nan, har yau ƙwan kantin Amurka bai kai wanda aka ɗauko da ɗuminsa daga akurki daɗi a hannu ba.

A wajen kwaɓin kek ne sanyin ke nuna halinsa. Duk inda takardar girkin Amurkawa ta ce bota ta kasance da zafin ɗaki, ɗakinsu suke nufi, digiri 18 zuwa 21. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35, wato a ɗaki mai zafi ta riga ta lalace kafin a ɗauko sukari. Dalilin buga bota da sukari na minti 3 zuwa 5 shi ne ƙwayoyin sukarin su huda ta, su bar ƙananan aljihunan iska, waɗanda bakin foda, wato hodar da ke sa kek tashi, zai hura a cikin wuta. Mai tauri ba ta huduwa, mai narkewa ba ta riƙe iska. Duka biyu kek mai nauyi suke bayarwa, na biyun har da maiƙo a ƙasa. Ki danna da yatsa: ta lotsa, da sauran ɗan sanyi, ba ta ƙyalli. In ta wuce haka, ta koma firiji minti 10.

Sai ƙwan. A fasa mai sanyi cikin botar da aka buga, nan take man ya daskare, kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Maganinsa a jiƙa ƙwan da ɓawonsa a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10, a riƙa sa shi ɗaya bayan ɗaya. In ya riga ya tsinke, cokali ɗaya na fulawar da aka auna yakan haɗe shi. Raba gwaiduwa da fari ya fi sauƙi da sanyi, amma farin ya fi kumfa in ya huce. Ɓawon fai (irin na mit-fai) kuwa akasin haka yake so, bota mai sanyi ƙarara, don gutsattsarinta su yi tururi a wuta su ɗaga kwaɓin falle-falle.

Awonsu ne ke ba ni haushi. Maimakon giram sai su ce sanda, su ce kofi. Sandar bota ɗaya giram 113 ce, babban ƙwai kuma kusan giram 50 ba ɓawo. Botarsu ma kashi 80 cikin 100 ne mai, marar gishiri ta Turai 82. Mai gishiri ta fi jure zama a waje, kwana ɗaya ko biyu a rufe a ɗaki mai sanyi. Sauran a naɗe ta sosai a firiza, nesa da albasa, don bota ba ta raina wari.