Sandar besbol ta alminiyam mai araha: ta fitar da mu kunya a sanyi, garantinta kuma ya ɓata min rai

Sandar da nake magana a kanta tana cikin masu araha da ake sayar wa 'yan shekara 12 zuwa ƙasa. Ƙirar alminiyam ce guda ɗaya daga mariƙi har kai, babu haɗi, tsawonta inci 30, nauyinta oza 20, wato wadda ake rubuta wa -10 a jiki (bambancin nauyi da tsawo ke nan), kuma tana ɗauke da tambarin USSSA 1.15, wato shaidar amincewar USSSA, wata ƙungiyar shirya gasanni a Amurka, da gasannin da ƙungiyar yaron wajena ke zuwa a nan Ohio da jihohin maƙwabta suke karɓa. Wanda ɗansa ke buga Little League, wata gasar yara ta dabam, kada ma ya kalle ta, domin tun 2018 sanda mai tambarin USA Baseball, hukumar besbol ta Amurka, suke nema. Duk mai yaro a ƙungiyar yawon gasa ya san inda kuɗi ke zurarewa, daga kuɗin rajista zuwa man mota da kwanan otal, saboda haka ban ga dalilin zuba dala 400 a kan sandar zaren kabon ba, alhali yaron yana tsawo kamar dawa a damina, kuma da zarar ya shiga rukunin 'yan 13 doka za ta tilasta masa riƙe sanda mafi nauyi.

Abin da ya sa na fara yabonta ya faru ne a watan Afrilu, a wata gasa da aka yi a Grand Park da ke Westfield a jihar Indiana. An sa wasanmu da sassafe, ga iska ga sanyin da ya sa iyaye suka lulluɓe da barguna a kan benci. Masu ƙera sandar zaren kabon da kansu suna gargaɗin kada a yi amfani da ita a irin wannan yanayi, saboda ƙwallo tana ƙara tauri a sanyi kuma zaren yana iya tsagewa, don haka iyayen da suka kashe maƙudan kuɗi suka hana 'ya'yansu fito da nasu daga jaka. Nan take tamu, wadda a ranakun atisaye babu mai ko ɗaga ta, ta zama abar nema. Yaron ya zo bakin raga ya ce, "Baba, koci ya ce in ara musu, in ba su?" Na ce ya ba su, domin ba a hana abokin tafiya abin da ke hannu. Kusan rabin ƙungiyar da ita suka yi bugu a ranar, tana wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma ba ta ba mu kunya ba. Idan ƙwallo ta sami tsakiyar cikinta, ƙarar nan mai kaifi ta alminiyam takan tashi, ƙwallon kuma ta wuce kan masu tsaron ciki ta faɗa can baya. Yaran sun yi ta yarfa hannu saboda raɗaɗi duk lokacin da bugu ya kauce zuwa kusa da mariƙi, abin da aka sani ne ga sandar da ba ta da haɗin da zai shanye girgiza, amma mun ci wasan. Wani uba da ya saba yi mana kallon masu tsumulmula ya zo yana tambayata inda na saye ta. A hanyar komawa gida ina ta faɗa wa mai ɗakina cewa ashe tsadar nan duk talla ce, tunda ita wannan ba ta buƙatar bugun horo 150 zuwa 200 da ake yi wa ta kabon kafin ta nuna kanta.

Ba a kai ƙarshen watan Mayu ba na shafa cikinta da tafin hannu na ji gefe ɗaya ya lotse, murfin kanta kuma ya fara motsi yana ƙara idan an girgiza ta. A gasa ta gaba kocin abokan hamayya ya lura, ya yi wa alƙalin wasa magana, aka cire ta daga wasa a gaban jama'a, yaron ya koma aron ta wani. Alƙalin bai yi laifi ba, sanda lotsattsiya ba ta da wuri a fili. Kamfanin ne ya ƙona min rai. Garantin wata 12 suka rubuta, na aika musu rasit da hotuna, sai suka amsa cewa tabon da ke jikinta ya nuna ko dai an yi amfani da ita a matsayin sandar ƙungiya, ko an bugi ƙwallayen robar nan masu ramuka na kejin atisaye, kuma garanti bai shafi ko ɗaya ba. Ba ta taɓa shiga kejin inji ba. Aron safiya ɗaya kuma, idan har shi ne zai kashe sandar ƙarfe, to tun farko ba ta cancanci a rubuta mata sunan gasa a jiki ba.

Tun daga nan sauran ƙananan abubuwan da na kawar da kai a kansu suka dawo min. Naɗin mariƙin ya fara warwarewa tun makonnin farko har sai da na sayi wani na naɗa, fentin ya kankare, kuma wurin da bugu ke daɗi a cikinta ɗan ƙarami ne ƙwarai, ta yadda ƙwallon da ta kabon za ta tura ta wuce mai tsaro, a wannan sai ta mutu a gabansa. Ga ɗan shekara 9 ko 10 da bai yi ƙarfi ba, ko a matsayin sandar ajiya ta ranakun sanyi, har yanzu zan ce a saya. Ga ɗan 12 da ke fuskantar jifa mai ƙarfi kowane ƙarshen mako kuwa, ba zan ƙara ba. Tamu yanzu tana gareji ana bugun ƙwallo a kan turke da ita, na kuma sayo wata ta alminiyam mai sassa biyu da aka haɗa daga wani kamfani dabam, bayan na karanta sharuɗɗan garantinsu tun a cikin shago.